Kibiyoyi Goma Duk Suna Kallon Sama

Ranar Asabar da ta wuce, a ɗakin kwamfutar nan da kuke taruwa a bayan kasuwa, na ji ɗayanku yana cewa aikina ba aiki ba ne. Wai na'ura ce ke yin lissafin, ni dai maɓalli nake dannawa in koma gindin mangwaro in miƙe ƙafa. Ban tanka ba a lokacin, don bakina cike yake da gyaɗa. Ga amsar a rubuce. Wanda ya karanta har ƙarshe, ya zo in ba shi maɓallin ya danna.

Sana'ar tawa ba ta da suna a Hausa, sai ni na raɗa mata: haɗa zubin farko. Na'urar da nake yi wa aiki ana ce mata kwamfutar kwantam, kuma ban taɓa ganinta ido da ido ba. Tana can wata ƙasa mai nisa, rataye a cikin tukunyar ƙarfe, an sanyaya ta har ta fi sararin da ke tsakanin taurari sanyi. Ni kuwa ina nan Birnin Gwari ina sharce gumi, ina aika mata saƙo ta waya, tana amsa mini. Shekara nawa ke nan ina wannan aiki, amma har gobe in na tuna da haka sai tsigar jikina ta tashi.

Abin da ake tambayarta shi ne yadda ilektiron, wato 'yan mitsi-mitsin halittun da ke ɗaure ƙwayoyin zarra wuri guda, suke zama a cikin sinadari. Kowane sinadari yana da matakan zama kamar na tsani, kuma matakin can ƙasa shi ne inda yake samun natsuwa. Wanda ya san matakin ƙasa ya san halin sinadarin. To amma na'urar ba ta nemo shi haka kawai. Dole ka fara zuba mata hasashenka na yadda ilektiron ɗin suke zaune, ita kuma ta tace. Duk tacewa ɗaya, wadda muke kira gudu, mataki ɗaya take nuna maka, daga cikin waɗanda ke ɓoye a abin da ka zuba.

Kawuna Tanko ne ya sa na fahimci wannan, shi da bai taɓa shiga aji ba. Tun ina ƙarami nake ganinsa a bakin rafi yana wankin zinari. Ya ɗebo ƙasa a kwano, ya tsoma a ruwa, ya yi ta juyawa har yashi ya tafi, abu mai nauyi ya kwanta. Hannunsa gwani ne, amma kwano bai taɓa haifa masa zinari ba. In ƙasar da ya ɗebo tana da shi da yawa, ya gani da wuri. In kaɗan ne, ya wuni yana wanki. In babu, ko shekara zai yi yana juya kwano, laka zai tashi da ita. Na'urar ita ce kwanon. Ni ne mai zuwa ɗebo ƙasa.

Aikina na farko ruwa ne, ruwan sha ɗin nan. Na riga na yi shekara goma sha biyar ina koyar da kimiyya a sakandare a nan garin kafin in koma jami'a a Zariya ƙaro karatu, da furfura ta fara leƙowa a gemu. Aka haɗa ni da Farfesa Rakiya, wadda kowa ke kira Malama kawai. Na shiga ofishinta ina jiran a nuna mini babbar kwamfuta. Sai ta jawo durowa ta miƙo mini littafin rubutu na 'yan firamare da biro biyu, ja da shuɗi.

"Malam Sani, zana mini ruwa," in ji ta.

Kowane ilektiron yana da fuskar da yake kallo, ko sama ko ƙasa, saboda haka da kibiya ake zana shi. Jar kibiya mai kallon sama, shuɗiya mai kallon ƙasa, kowace a gidanta. Na zana cikin minti biyu, ina jin kaina. Ta duba, ta ce wannan hasashe ɗaya ne, ina sauran? Ashe ilektiron ba sa zama a tsari ɗaya kamar ɗalibai a benci. Suna zama ne a tsare-tsare da yawa a lokaci guda, wannan da kaso mai yawa, wancan da ɗan kaɗan, kuma gaurayen nan shi ne ainihin sinadarin. Mako uku na yi a kan ruwa. Na dawo gida hutu, na ɗebi ruwa a randa zan sha, na tsaya ina kallon moɗa kamar wanda bai taɓa ganin ruwa ba, har mai ɗakina ta tambaye ni ko wani abu ya faɗa ciki.

Wata shida ban taɓa kwamfuta ba. Da ta yarda na fara, sai ta kafa mini doka ɗaya wadda ba ta sassauta wa kowa. Kafin a aika kowane zubi, sai an buɗe shi an kwafe kibiyoyinsa da hannu a littafi, ɗaya bayan ɗaya.

"Ka kwafo daga abin da za ka aika," in ji ta, "ba daga abin da ke cikin kanka ba. Kanka kullum daidai yake gani."

Kayan aikina ke nan har yau: littafi, biro biyu, kwamfutar cinya da ta sha duniya, farantin sola a kan kwanon ɗaki, da batir. Da na gama karatu na dawo gida, daga nan nake yi wa mutane aiki. Akwai masu binciken batir, su kullum sauri suke, kamar an biyo su. Akwai masu haɗa magani, waɗanda za su aiko maka da sinadari mai girman buhu su ce ka cusa shi a na'urar da ba ta ɗaukar fiye da mudu. Wani ya taɓa roƙona in haɗa masa zubi mai tsari dubu don ya tabbata gaskiya na ciki. Na ce masa ranka ya daɗe, na'urar nan mantuwa gare ta, kafin ƙiftawar ido ta saki abin da ta riƙe. In zubi ya yi tsawo, kafin a gama ɗura mata ƙarshensa ta manta farkonsa. Gwanintar duka a nan take: ka ɗebo ƙasa mai zinari da yawa, amma wadda kwano zai iya ɗauka. Bai ji ba, ya kai wa wani, ya dawo bayan wata biyu yana sosa ƙeya.

Aikin da Malama ta ba rayuwarta kuwa a gonakinmu yake. Ku je ku tuge waken suya guda ɗaya a tsakiyar damina, ku dubi saiwar. Za ku ga 'yan ƙullutai manne da ita. Ku fasa ɗaya da farce, cikinsa ja-ja ne kamar nama. A ciki akwai ƙwayoyin halitta da ke kamo iskar nan da muke shaƙa su mayar da ita taki. Masana'antar takin zamani sai ta hura wuta mai tsananin gaske, ta matse iska da manyan injuna, kafin ta yi abin da wannan ƙullutu ke yi shiru a cikin laka mai sanyi. A tsakiyar aikin akwai wani ɗan dunƙule na ƙarfe da farar wuta, ƙwayoyin zarra 'yan ƙalilan, kuma har yau babu mahaluƙin da ya gama gane yadda yake yi. Duk manomin da ya taɓa tsayawa gaban buhun taki a kasuwa ya juya bai saya ba, ya san abin da ya sa Malama ta yi shekara talatin tana bin wannan dunƙule.

Babban dunƙulen ya fi ƙarfin kowace na'ura da ke duniya a yanzu, sai aka fara da ƙanensa, mai ƙarfe biyu da farar wuta biyu. A shekararta ta ƙarshe kafin ritaya, masu na'urar suka ba Malama 'yan sa'o'i ta gwada wannan ƙaramin. Suka ce in aikin ya yi kyau, ita za ta jagoranci gwajin na gaba, mai ƙarfe huɗu, wanda ya fi kusa da na saiwar. Dama ce guda ɗaya, kuma ta san babu ta biyu. Ta kira ni ta ce ni zan haɗa zubin.

A dunƙulen nan ilektiron goma ne masu rigima, biyar a kan kowane ƙarfe. A matakin ƙasa, na ƙarfe ɗaya da na ɗayan suna saɓa wa juna fuska. Yadda ake yi a sana'armu, sai ka fara jera duka goman suna kallon sama, domin a haka kwamfutar gida ke saurin daidaita gidajensu. Wannan fayil na farko share fage ne kawai, kuma shi matakin can sama ne na tsanin. Daga nan ka juya biyar na ƙarfe na biyu su kalli ƙasa. Wannan juyin shi kaɗai yana ba ka matakin ƙasa kusan sau ɗaya cikin shida. Ni kuwa na ce wa Malama zan fi haka. Wata takwas na yi ina ƙara tsari a kan tsari, ina ragewa, ina aunawa, har na sami gaurayen da nake ganin kusan zinari ne zalla. Na faɗa mata, na kuma faɗa da baki mai yawa.

Sai shekarar ta lalace. Kun tuna ta, ba sai na ba ku labari ba: gonakin bakin daji sun gagari noma, an rufe layukan waya a yankinmu gaba ɗaya. Ranar da aka ba mu a na'ura ta matso, ni kuma ba ni da hanyar aika ko gaisuwa. Akwai wani tudu a wajen gari inda layin maƙwabta ke ɗan leƙowa. Da hantsi na hau keke na je, na tarar da mutane sun fi talatin, kowa ya ɗaga waya sama kamar masu roƙon ruwa. Na zauna a kan dutse, na buɗe kwamfuta a cinya, na fito da littafi da birona biyu zan kwafe kibiyoyi. Ban kai ga cire murfin jan biron ba wani ya kwatsa ihu daga ƙasan tudu, wai ga babura nan sun fito daga daji. Wuri ya yamutse. Na ga layi ya kawo sanda ɗaya, na cafki fayil na tura, na ga ya tafi, na rufe kwamfuta na runtuma. Takalmina ɗaya yana can har yau.

Bayan mako biyu na sake hawa tudun, saƙonni suka yi ta shigowa. Na'urar da aka san ta da hayaniya, wato cakuɗa amsa da datti, ta ba da amsa tsaf. Gudu bayan gudu, layi ɗaya tak a jadawalin sakamako, wato mataki ɗaya, a miƙe, kuma lambar matakin ta faɗo kusa da inda ake tsammani, don tazarar matakan nan siririya ce ƙwarai. Masu na'urar sun rubuto suna tambayar wane ne ya haɗa wannan zubi. Malama, wadda ba ta taɓa yaba mini a gabana ba, ta rubuto kalma uku: "Allah ya biya." An sa ranar Alhamis ta sama za ta yi laccar ban kwana a jami'a, kuma da wannan sakamako za ta rufe. Na sauko daga tudun ina jin ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Da la'asar na biya gidan Kawu Tanko. Ya tsufa, ido ya yi rauni, yana zaune a ƙofar gida yana ɓare wake. Na zauna na cika masa kunne, na fassara masa labarin da yarensa na wankin zinari. Na ce Kawu, kwanona ya fito zinari zalla, ko ƙwayar yashi babu.

Ya ci gaba da ɓare wakensa. Can ya ce, "Duka kwanon?"

Na ce duka.

"Sani, ni dai shekara arba'in na yi a rafi, ban taɓa ganin haka ba. Na gaske da baƙin yashi yake zuwa, sai ka sha wuya ka raba su. Ranar da na ga kwano ya cika da ƙyalli, ƙarfen banzan nan ne mai ruɗin yara. Amma ku 'yan boko, ƙila naku daban ne."

Na yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Ko gaurayen nawa, duk da kyansa, ai ya kamata a ga ɗan datti a gefe, 'yan layuka ƙanana. Na yi masa sallama na nufi gida. Na buɗe littafi a shafin ranar tudu, na tarar da shi fari fat, kwanan wata kawai na rubuta. Na buɗe fayil ɗin da ya tafi, na ɗauki biro na fara kwafewa. Ja. Ja. Ja. Na kai biyar, na ajiye jan na ɗauki shuɗin, hannuna ya riga idona. Na dubi ta shida, ja ce. Har goma ban yi amfani da shuɗin biro ba.

Fayil ɗin share fage na aika. Na ɗebo wa na'ura ƙasar da babu ko ƙwayar matakin ƙasa a cikinta, ita kuma ta wanke ta da gaskiya da amana, ta nuna mini abin da na zuba. Ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. A ranar na ji tsoron na'urar nan, tsoro na gaske, irin wanda ake ji gaban abin da ba ya ƙarya kuma ba ya rufa wa kowa asiri.

Ba zan ɓoye muku ba, na yi tunanin yin shiru. Babu wanda ya buɗe fayil ɗin sai ni, kuma ana iya yin shekaru kafin wani ya gano. Amma sunan Malama ne zai hau kan lambar, ba nawa ba. Washegari na bi ayarin motocin da jami'an tsaro ke rakawa ta hanyar Kaduna, na isa Zariya ranar Talata da azahar.

Na same ta a ofis tana kwashe littattafai tana zubawa a kwali. Ta gan ni ta washe baki, ta ce ga gwani ya zo da kansa.  Na ciro littafin, na buɗe shafin, na ajiye a gabanta. Ta sa tabarau. Ta bi kibiyoyin da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda take yi tun ranar ruwa. Ta daɗe yatsanta na kan ta shida.

"Ba ka juya ba," in ji ta.

"Ban juya ba, Malama. Ban kuma kwafa ba."

Na fara ba ta labarin tudu da babura, ta ɗaga hannu. Ta ce ta san abin da muke ciki, kuma ta gode wa Allah da ya tsare ni. Ta zauna a kan kwalin littattafai, ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Ban taɓa ganin tsufanta ba sai ranar.

"Minti arba'in suka rage mana a na'ura," ta ce. "Zauna."

Na ce to in tura gaurayen nawa na wata takwas? Ta girgiza kai. Ta ce a tura juyin kawai, biyar sama biyar ƙasa, irin wanda ake koya wa ɗalibi a shekarar farko. Ba ta son layi ɗaya kuma. Tana son ta ga tsanin gaba ɗaya, ta san wane ne a ƙasa da idonta. Na haɗa, na buɗe, na kwafe a littafi tana tsaye a kaina: ja biyar, shuɗi biyar. Ta sa hannu a gefen shafin, sannan na tura.

Laraba da hantsi amsa ta dawo, cike da datti da hayaniya. Amma da muka share, sai ga matakan tsanin sun fito a jere, wani saman wani. Na can sama, wanda muka yi ta murna a kansa, da ƙyar ake ganin alamarsa. A can ƙasa kuma ga wani, gajere, yana ɗan karkarwa cikin hayaniyar, amma yana nan. Matakan da na yi shekaru ina zanawa a takarda bisa yarda kawai, ga su wani abu mai sanyi a wata duniya ya ƙirga mana su. Malama ta matso da fuskarta dab da gilashin kwamfuta.

"Subhanallahi," ta ce a hankali. "Ashe kana nan."

A ranar ta rubuta wa masu na'ura cewa lambar farko ba daidai ba ce. Ranar Alhamis ta tsaya gaban zauren da ya cika maƙil, ta nuna layin nan mai tsafta, ta ce wannan kuskure ne muka yi, sannan ta nuna mai dattin ta ce wannan ne gaskiya. Ba ta ambaci sunana ba, ko a zauren ko a wasiƙa. Masu na'ura suka amsa cikin ladabi, suka gode mata, suka ba wasu gwajin ƙarfe huɗu. Malama ta yi ritaya ba ta kai ga dunƙulen saiwar ba, kuma ni na tare mata hanya, da minti biyun da ban ba littafi ba. Wannan yana cina har yanzu, ba kuma na so ya daina.

Da zan tafi tasha ta miƙo mini sabon biro shuɗi a cikin ledarsa. Na riga na ba ta labarin kwanon Kawu Tanko, sai ta ce in gaida shi, in kuma tambaye shi ko yana ɗaukar ɗalibai.

Bana na shuka waken suya a 'yar gonar da ke bayan gida. Jiya na tuge ɗaya, na fasa ƙullutun da farce, na zauna a kunya ina kallon jan nan. Dubbai ne a gona ɗaya, miliyoyi daga nan zuwa Damari, kowanne yana daidaita kibiyoyinsa ba littafi ba biro, ba wanda ya haɗa masa zubi, kuma ba a taɓa jin ya manta juyi ba. Na daɗe a wurin har rana ta fara cizo.

To, kai mai cewa maɓalli ne kawai, na san ka, na kuma san babanka. Ka zo gida ranar Asabar bayan azahar. Na saya maka littafin 'yan firamare da biro biyu. Za ka zana mini ruwa.